Takardar da ke Hammatar Nomau

A Rijiyar Tala, wani ɗan ƙauye a ƙasar Gangara, babu wanda bai san layar Nomau ba. Jar fata ce da ta sha jiki har ta koma baƙa, girmanta bai kai tafin hannu ba, rataye da igiyar fata da ta ratso kafaɗarsa ta dama ta sauka a hammatar hagu. Ba ta tsarin ƙarfe ba ce, ba kuma ta farin jini ba. Takardar gona ce a ciki, kuma Nomau ba ya ɓoye wa kowa wannan. Ko cinikin akuya yake yi a kasuwa, da gardama ta yi zafi sai ka ga ya kai hannu ya dafa hammata, sai ka ce akuyar ma a rubuce take a ciki.

Gonar da ake magana jigawa ce mai kyau a kudancin gari, ta tashi daga wani babban gawo ta dangana da burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya. Ubansa Ɗantala ne ya sari dajin da hannunsa, wannan kowa ya sani. A shekarar da Nasara suka kwashi maza aikin hanya, aka haɗa da Ɗantala, ya yi wata uku wajen Tasawa yana haƙa yana ɗaukar ƙasa. Ya dawo a rame, da takarda guda a cikin hula. Ya ce da aka sallame su ya tsaya a ƙofar buro, ofishin Nasara, ya kai kukan wani maƙwabci da ke matso masa iyaka, tafinta ya shiga ya fito ya miƙa masa wannan, ya ce ya riƙe ta da kyau.

Babu mai karanta boko a Rijiyar Tala a lokacin. Liman ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ba rubutunsu ba ne. Amma kowa ya ga hatimi a jikinta, zagayayye, shuɗi. Maƙwabcin ma ya gani, kuma tun daga ranar bai ƙara matso iyaka ba. To me ake nema kuma? Ɗantala bai bari rana ta faɗi ba sai da ya kai ta wurin baduku. Baduku kuwa ya yi mata abin da ya saba yi wa duk takardar da aka kawo masa. Ya ninke ta ƙanana, ya naɗe da zare, ya sa a fata ya ɗinke. Nomau yana saurayi a lokacin, kuma ganin da ya yi mata ke nan, sau ɗaya, ta bayan kafaɗun manya.

Shekara tara Ɗantala yana rataye da ita. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira Nomau, ya tuɓe ta da kansa ya rataya masa.

"Gonar na ciki," ya ce. "Kak ka tuɓe ta, ko wanka kake."

Nomau kuwa mutum ne mai bin umarni har ya wuce inda aka nufa. Da ita yake wanka, da ita yake noma, da ita yake shiga yasar rijiya.

Damina ta biyu bayan rasuwar tsohon, ruwa ya ƙi, hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba. Nomau ya ɗauki matarsa Lantana da 'yarsu ta goye suka yi kudu, da niyyar su yi rani ɗaya su dawo. Rani ɗaya ya zama shekara biyar. Ya yi dakon buhunan gyaɗa a Kano, tun safe har la'asar, zufa na bin jikinsa kamar an sheƙa masa ruwa. Ruwan sama ya doke shi sau ba adadi, ya taɓa ƙetare gulbi ruwa iya wuya. In abokan dako suka tsokane shi, suka ce mutumin ƙasar Faranshi ba shi da ko inda zai kafa bukka, sai ya dafa hammata ya ce shi da gonarsa yake yawo.

Da ya dawo, ya tarar da bukkoki biyu a gindin gawo, da shanu a kwance gefensu. Mai su Jaye ne, Bafillacen da a da yake sauka a gonakin gari da rani, shanunsa su zuba taki a ba shi hatsi. Ciwo ya shiga garkensa ya bar masa 'yan kaɗan, ya gaji da yawo, ya nemi wurin zama. Gonar Ɗantala ta shekara huɗu saura, ba mai noma ta, ba Nomau ba labarinsa, wasu ma sun ce ya mutu a Kano. Mai gari ya tara dattawa ya ba Jaye ita, malaminsa ya rubuta da ajami, aka sa sunayen shaidu uku. In za a faɗi gaskiya, ba wanda ya zalunci wani a nan. Haka ake yi da gonar da mai ita ya ɓace.

Amma Nomau bai ɓace ba, ga shi tsaye da ƙafafunsa. Kuma ba shi da wata gonar, don gonakin gandun gidansu 'ya'yan Kawu Alhassan, ƙanin ubansa, sun riga sun raba. Wannan ita ce kaɗai, ita ce tuwon Lantana da yara uku. Sai ya shiga ya share ya shuka, bai tambayi kowa ba. Jaye ba manomi ba ne, ɗan fili kaɗan yake taɓawa kusa da bukkoki, saboda haka gonar ta ɗauke su su biyu, zuciya ce ba ta ɗauka ba. Damina uku suka yi a haka. Shanu su shiga shukar Nomau, Nomau ya kore su da jifa, a yi cacar baki, a ambaci iyaye. A damina ta uku aka fasa kan babban ɗan Jaye, aka karya wa Nomau yatsa. Mai garin da ya ba da gonar ya rasu, wanda ya gaje shi kuwa, da ya hango ɗayansu tafe sai ya tuna da wani uzuri a cikin gida.

Ana cikin haka aka sauke tutar Nasara, aka ce an sami mulkin kai. A Rijiyar Tala ba a ga abin da ya sake ba, sai da bazara ta kama aka yi shela cewa sabon kumandan mai mulkin yankin, baƙar fata, zai taso ta Agiye ya zauna a Gangara ranar kasuwa, ya yanke rigingimun gonaki kafin ruwa ya sauka. Mai takarda ya zo da takardarsa. In takardu biyu suka haɗu a kan gona ɗaya, wadda ta girmi 'yar'uwarta ita ce da gona.

Nomau ya yi murna ƙwarai. Tasa ta girmi ta Jaye da shekara goma sha huɗu, ko yaro ya san wannan. Ya bi gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da waɗanda ba su tsaya ba.

Lantana ce kaɗai ta kawo wata magana. Tana tankaɗe a tsakar gida, shi kuma yana gyara ƙotar hauya.

"Maigida," ta ce, "da ka kai ta wurin malamin lakol, makarantar bokon Gangara, shi duba muna tun kahin ranar. Mu san mi ke ciki."

"Mi ke ciki? Gona ke ciki."

"Na sani. Amma shekara goma sha takwas ba wanda ya sa ta a ido."

"Abin da anka ɗinke ba a buɗe shi don kallo. In anka buɗe, ƙarhinshi ya tahi."

"Zancen laya kake. Wagga takarda ce."

"Ke dai yi tankaɗenki."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar kasuwa aka kafa tebur a gindin wata tsamiya bayan kasuwar dabbobi. Sabon kumandan, Mumuni sunansa, mutumin Gidan Rumji ne, tsohon malamin lakol, bai wuce sa'an Nomau ba. Alƙali na zaune gefensa a kan buzu, jandarma biyu tsaye a baya suna korar ƙuda. Rabin kasuwa ta bar ciniki ta dawo kallo. Aka yi shari'a biyu aka gama, sannan aka kira mutanen Rijiyar Tala.

Jaye ya fara. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana da Hausa in ba dole ba. Ya fito da wani tsohon gwangwanin shayi daga aljihu, ya buɗe. A nan matarsa Larai take ajiye allura da ɗan guntun kanwa, a nan kuma takardar take tun ranar da aka ba su. Ba wanda ya taɓa girmama ta a gidan, shi ya sa ba abin da ya same ta. Alƙali ya warware ya karanta da ƙarfi, iyaka da iyaka, da shekara, da sunayen shaidu. Biyu daga cikinsu suna wurin, suka tashi suka ce haka aka yi.

Kumandan ya juyo wajen Nomau. "Kai hwa, Malam? An ce taka ta Nasara ce."

"Ta Nasara ce, ranka shi daɗe, da hatiminta."

Ya ɗaga riga ya tuɓe layar. Wannan ne karon farko a shekara tara, kuma inda igiyar ta kwanta ya bar farin zane daga kafaɗa zuwa haƙarƙari. Ya ajiye ta a kan tebur da hannu biyu. Kumandan ya dube ta, ya dubi alƙali, ya sa aka kira baduku daga kasuwa.

Baduku ya zauna ya bi ɗinkin da bakin aska a hankali. Fatar ta bushe ta yi tauri, sai da ya sa haƙori. Da ta buɗe wani wari ya taso, na tsohuwar zufa, har na kusa suka ja baya. Zaren da aka naɗe da shi ya ruɓe ya manne. Abin da ke ciki kuwa ya haɗe ya zama dunƙule guda, launin ƙasa, kamar daddawa. Baduku ya yi ta ɓamɓara da tsinin aska, takardar tana rabuwa ta inda aka ninke ta, guntu-guntu. Ya jera su a kan tebur, ya goge askarsa a cinya, ya koma gefe.

Kumandan ya daɗe a kansu. Ya haɗa wannan da wancan, ya ɗaga guda ya duba ta hasken rana, ya ɗaga wani. Tawadar ta narke tun tuni ta bazu, ba harafi ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa. Rabin hatimin ne kawai ya rage, shi ma inuwarsa.

"Ina kaka aje ta duk shekarun ga?" ya tambaya.

"A jikina, ranka shi daɗe. Ko wanka ban taɓa tuɓe ta ba."

Da alfahari ya faɗa. Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji abin da ya ce. Wani a baya ya yi dariya, wasu suka taya shi. Kumandan bai yi ba. Ya ajiye guntun da ke hannunsa, ya yi magana a hankali, irin ta malamin da ya saba maimaita abu.

"Takardar buro ce, wanga ba shakka. Amma buro takardu iri-iri shika badawa. Akwai ta gona, akwai ta hanya, akwai ta sallama in mutum ya gama aiki. Dukansu da hatimi. Ni ba ni iya cewa wace ce wagga, kuma ba wanda ka iyawa."

Nomau ya matso kusa da tebur. Ya ce ubansa ne ya sari dajin, a tambayi kowa. Kumandan ya ce ba wanda ya musa, Jaye ma bai musa ba. Amma gonar da aka bari saura shekara huɗu, mai gari ya ba wani a gaban shaidu, ba abin da zai karɓo ta sai takardar da ta girmi wannan kyautar. Ita ce kuwa ba a iya karantawa.

Sai Jaye ya gyara tsayuwa, ya jingina da sandarsa.

"Ni na san Ɗantala," ya ce. "Na sha hura gidanshi. In ɗanshi ya dahwa Alƙur'ani ya ce takarda na gona ne, ni na tashe bukka yau. Ba ni jira gobe."

Ba don kirki kawai ya faɗi haka ba. Ya gaji da rigimar, kuma ba ya son ya zauna a kan ƙasar da za a yi ta nuna shi da baki a kanta. In Littafi ya raba, ba mai sauran magana. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce tun da mai takarda da kansa ya buɗe wannan ƙofa, shari'a ta yarda. Kumandan ya ce shi ma ya yarda. Aka ce Nomau ya je ya yi alwala.

Kawu Alhassan ya bi shi bayan tsamiya da buta a hannu. Tsoho ne mai saurin fushi, amma yanzu murya ƙasa-ƙasa yake magana.

"Allah ya ba ka sa'a, ɗana. Bahillacen nan da kanshi ya miƙo maka. Ubanka wana ne, ciki ɗaya, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ya ce gonar na ciki, to tana ciki. Ka dahwa ka rantse mu tahi gida."

Nomau ya tsuguna ya karɓi butar.

"Ka ji ni ko? In ka saki wagga gona ba ni da inda zan ba ka. Sai hwakon bayan gari, inda ko akuya ba ta tsayawa."

"Na ji, Kawu."

Ya wanke hannu, ya kurkure baki. Ubansa bai taɓa ƙarya ba, wannan gaskiya ne, zai iya rantsuwa a kai sau goma. Amma yana shafa kai sai wani abu ya faɗo masa, abin da bai tuna ba shekara da shekaru. Chindo, wanda aka kwashe su aikin hanya tare da ubansa, shi ma da takarda ya dawo. Ita ma da hatimi shuɗi. Chindo kuwa ba shi da rigimar iyaka da kowa, bai kai kukan kowa ba. Matarsa ce ma ta ƙulle barkono da ita daga baya. Wataƙila ba iri ɗaya ba ne. Wataƙila ta Chindo ta sallama ce, ta ubansa ta gona. Wataƙila kuma tafinta ya ga ƙauye tsaye a ƙofa yana dogon bayani, ya miƙa masa abin da ake miƙa wa kowa don ya tafi. Chindo ya mutu, tafinta ba a san inda yake ba. Nomau ya wanke ƙafar hagu ya daɗe yana cuɗa ta, har Kawu ya ce ruwan ya isa haka.

Alƙali ya riga ya fito da Alƙur'ani daga gafaka, ya ɗora a kan faifai sabo. Mutane suka matsa baya, mata suka kau da yara. A ƙasar nan ba a wasa da wannan, kowa yana da labarin wanda ya dafa a kan ƙarya da abin da ya biyo bayansa, a jikinsa ko a gidansa. Lantana na tsaye can gefe cikin mata, da ƙaramin a baya. Nomau bai dube ta ba.

"Za ka ɗora hannun dama," in ji alƙali, "ka ce, na rantse abin da ke rubuce cikin takardar nan shi ne an ba Ɗantala gonar da ke tsakanin gawo da burtali."

Nomau ya durƙusa. Ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama.

"Allah gafarta Malam, in rantse ubana ya sari dajin?"

"Ba a kan wannan ake ba."

"In rantse ya ce mini gonar na ciki? Da kunnena na ji."

"Ba abin da ubanka ya ce ake nema ba. Abin da takarda ta ce."

Kawu Alhassan ya yi gyaran murya da ƙarfi. Wani daga mutanen Rijiyar Tala ya ce, "Dahwa mana!" Jandarma ya daka masa tsawa. Nomau ya dubi guntayen da ke kan tebur, waɗanda ya yi yawo da su har Kano ya dawo. Yana son gonar nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma ya san inda zai kwana in ya rasa ta. Ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

"Ban san abin da ta ce ba," ya ce. "Shi ma bai sani ba."

Alƙali ya mayar da Littafin cikin gafaka. Kumandan ya ɗan jira ko Nomau zai sake shawara, da ya ga bai motsa ba ya yanke. Gona ta Jaye ce, daga gawo har burtali, daga wannan damina. Ya rubuta sabuwar takarda, ya buga hatimi, ya karanta ta da Hausa sau biyu a gaban jama'a don kowa ya ji abin da ke ciki. Da zai miƙa ya ce wa Jaye ya mayar da ita gwangwanin matarsa, kada ya kai wa baduku. Mutane suka yi dariya, kumandan kuma ya ga bai kamata ya faɗa ba, ya yi sauri ya kira shari'a ta gaba.

Baduku ya tattara fatar da guntayen ya kawo wa Nomau, don bai san wanda zai ba ba. Nomau ya zuba a aljihu. A hanyar gida Kawu Alhassan ya yi ta faɗa tun daga Gangara har bakin gari. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda aka sa wa tuwo a baki ya tofar ba, ya ce Ɗantala ya haifi malami bai sani ba. Wasu a gari suka ce Nomau ya ji tsoron Allah, wasu suka ce tsoro dai ya ji. Wasu kuma suka ce tun da ya kasa rantsuwa, to dama ya san ƙarya ce, shekara uku yana cin gonar mutane. Wannan ta fi yi masa ciwo. Lantana ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake da ta faɗa ba wanda zai ga laifinta. Ta dama masa fura ta ajiye, ya sha rabi.

An ba shi shawara ya je ya roƙi Jaye aron wani yanki. Bai je ba. Jaye ma bai aiko ba, don tabon da ke kan ɗansa bai gama warkewa a zuciyarsa ba. Da fushin Kawu ya sauka ya cika alkawari, ya nuna wa Nomau fakon bayan gari, ya ce in ya iya fitar da wani abu a ciki nasa ne.

Kwana goma sha biyu bayan haka ruwa ya sauko da la'asar, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Washegari da sassafe duk gari ya fita. Nomau ya saɓa sungumi, Lantana ta bi shi da ƙwaryar iri, shi ya sara rami ita ta zuba ta rufe da diddige, kamar yadda kowane gida ke yi. Hanyar fako ta arewa take. Sai da suka yi nisa Lantana ta lura kudu suka nufa. Ta gyara riƙon ƙwaryar ta ci gaba da binsa.

Ya tsaya a bakin iyaka, bai taka ciki ba. Can ƙasa-ƙasa, wajen gabas inda gonar ta gangara, Jaye na sara Larai na zubawa. Wannan ne karon farko da suka ɗauki gonar duka, kuma ana gani an san haka. Ramukan sun matsu da juna, layin ya karkace, kuma hatsi, wato gero, suke zubawa a cikin kwarin da ruwa ke kwanciya.

"Maigida, mu tahi," in ji Lantana. "Rana na yi."

Bai ji ta ba. Ya tsaya yana kallo har suka kai ƙarshen layi suka juyo. Sannan ya ɗaga murya.

"Jaye!"

Jaye ya tsaya. Ya dubi Nomau, ya dubi sungumin da ke kafaɗarsa, ya gyara riƙon nasa. Larai ta ajiye ƙwarya ta matsa bayan mijinta.

"Lahiya?" ya ce.

"Nan wurin ba shi son hatsi. Ruwa na kwana nan cikin tsakiyar damina, saiwa ta ruɓe. Dawa za ka sa."

Jaye ya dubi kwarin. Yana neman inda sharrin yake a cikin maganar, bai samu ba.

"Har ina?" ya ce.

"Ka ga surin can? Daga nan zuwa ƙasa duk dawa. Hatsi shi tsaya kan tudu. Kuma ka buɗa tsakani, taki guda cikakke. Ƙasar ga ba ta son matsi, in ka matse ta kara za ta ba ka, ba zangarniya ba." Ya juya ya nuna da hannu. "Gefen yamma kuma akwai ƙuduji, ciyawar ga mai kashe hatsi. Ka tuge shi tun bai yi hure ba."

"Na ji," in ji Jaye.

Ya ce wa Larai wani abu da Fillanci, ta ɗauki ƙwaryar suka hau tudu. Nomau ya tsaya har ya ga saran farko, ya ga tazarar ta yi daidai, sannan ya juya.

Shi da Lantana suka ratsa gari suka yi arewa. A kowace gona mutane na sunkuye, wasu sun ci rabin aikinsu. Da suka isa fakon, ruwan jiya ya riga ya gudu ya bar shi yana ƙyalli, ko ina tsakuwa. Lantana ta sauke ƙwarya ta ɗebi iri a hannu ta tsaya a bayansa tana jira. Nomau ya yi bisimilla, ya ɗaga sungumi ya sara. Bakin ƙarfen ya yi ƙara ya dawo, bai bar ramin da zai ɓoye ƙwaya uku ba. Ya gyara tsayuwa ya sake sarawa a wuri ɗaya.